ƁERAN MASAR A GIDAJENMU: WANE IRI ZA MU KAWO, ƘAƘA ZA MU RIƘE SHI?

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal na garinmu ya yi gun taron ƙungiya. Mun buga shi duka don waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugabannin ƙungiya, ƴan uwa da kunka taso daga Yamai da Dosso da Dogondutsi, da ku da kunka komo daga Najeriya da garuruwan bakin teku, muna gaishe ku, muna yi maku barka da zuwa gida. Mun gode ma shugabanni da sunka ba malaman lakwal wanga fili.

Maganar da munka kawo ƙarama ce ga ido. Wani zai ce: ga maganar rijiya, ga ta iri da taki, sai a tsai da dattawa kan ɓera? Muna roƙon haƙuri. Shekarun nan ƴan uwanmu masu tafiya biɗa suna komowa da wata ƴar dabba cikin kwali, tsarabar yara. Uba ya fid da kuɗinshi, yaro ya yi murna, unguwa ta zo kallo. Bayan sati 2 ko 3 sai a wayi gari dabbar ta mutu, a jefa ta bisa juji. Mu ne muke karɓar yaran nan a kilas washegari, kuma mun ga abin da ke biyo baya: wani ya yi ta kuka, wani ya ɗage kafaɗa ya ce baba zai kawo wani. Na biyun ya fi damunmu, don ya fara ɗaukar abu mai rai kamar motar kara. Mafi yawan mace-macen nan ana iya kauce masu in an san irin da za a saya, da lokacin kawo shi, da yadda ake riƙonshi. Shi ne abin da za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

I. WACE DABBA CE?

Hausawa suna ce mashi ɓeran Masar. Waɗanda sunka yi lakwal sun san shi da kobayi. Faransawa suna da wani suna kuma, wanda ma'anarshi aladen Indiya, Turawan Ingila su ce aladen Gine. Duk sunayen nan ɓata ne. Bai fito Masar ba, bai fito Indiya ko Gine ba, kuma babu abin da ya gama shi da alade. Muna so iyayenmu su ji wannan da kyau, don mun san akwai gidajen da anka hana shi shiga saboda sunan. Alade yana da kofato. Wannan yana da ƴan yatsu da farce, 4 ga ƙafar gaba, 3 ga ta baya. Turawa sun laƙa mashi sunan ne don ɗan kukan da yake yi da kuma gajartar wuyanshi.

Cikin dabbobi masu gaigaya yake, kuma masana sun nuna ya fi kusa da beguwa da gyazbi bisa ga kusun da ke ɓarna a rumbu. Ba ya da wutsiya. Ba ya hawan bango, ba ya huda rumbu, ciyawa ce abincinshi. Tsawonshi santimita 20 zuwa 25, nauyin babba giram 700 zuwa 1200. Haƙoranshi 20, kuma duk tsawon ranshi suna tsira. In ya samu riƙo yana kai shekara 5 zuwa 7. Ke nan yaron da anka ba shi a kilas CE1 yana iya gama lakwal ɗin firamare da shi.

Asalinshi duwatsun Andes ne, a Amurka ta Kudu, ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can suna kiwonshi tun dubban shekaru, suna ce mashi kuy, kuma har yau nama ne gare su; ƙasar Peru ma ta ware mashi rana tun 2013, Juma'a ta biyu ta watan Oktoba. Bayan Sifaniyawa sun ci Peru a 1532, jiragen ruwa sunka kai shi Turai, inda ya zama abin sha'awa a gidaje. Kada wannan ya ba mu mamaki. Masara da muke jingina ma Masar daga Amurka ta fito. Gujiya da rogo da tumatir duk daga wancan yanki suke, dankalin turawa kuwa duwatsu ɗaya sunka fito da ɓeran Masar.

A Afirka ana kiwonshi sosai a yammacin Kamaru da gabashin Kwango, ana samunshi a Benin da Kodibuwa da Najeriya da Tanzaniya. A yankin Kibu na Kwango, inda yaƙi tun 1996 ya raba mutane da shanu da awaki, iyalai da yawa sun koma gare shi, don ana iya ɓoye shi cikin ɗaki ko a gudu da shi cikin kwando. Maganar ko ya halatta a ci namanshi, wannan ta malamanmu ce, gare su za a kai ta. Namu shi ne bayanin dabbar da riƙonta.

Akwai kuma bashin da duniya ke da shi gun wagga dabba. Da ita likitan Jamus Robert Koch ya yi gwaji lokacin da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Da ita Calmette da Guérin na cibiyar Pasteur sunka jarraba rigakafin BCG kafin a fara ba mutane a 1921. Tabon da ke hannun ɗiyanmu, akwai rabon ɓeran Masar a ciki.

II. IRE-IRENSHI

Dabbar ɗaya ce, amma masu kiwo sun fid da iri daban-daban, kamar yadda muke da balami da uda da ara-ara cikin tumaki. Ga gashi ake rarrabe su.

1) Mai gajeren gashi kwance. Turawa suna ce mashi na Ingila ko na Amurka. Gashinshi sumul yake, ba ya son tsefewa, datti ba ya kama shi. Shi ne anka fi samu a kasuwannin Afirka, ko da yake namu sun fi na Turai ƙanƙanta.

2) Mai gashi tsaye, wanda ake kira na Habasha ko da yake bai san Habasha ba. Gashinshi yana juyawa wuri-wuri kamar makwarkwaɗar kan jinjiri, wajen 8 zuwa 10 a jiki. Yana da kazar-kazar, yana son a riƙa goge mashi jiki lokaci-lokaci.

3) Masu dogon gashi. Babbansu shi ne wanda ake kira na Peru, gashinshi yana wuce santimita 30 har ya rufe mashi fuska. Akwai Shelti, wanda gashinshi ke komawa baya, da Teksel mai gashi murɗe-murɗe wanda anka fitar a Ingila cikin shekarun 1980. Su ne sunka fi kyau a hoto, su ne kuma mai saidawa zai fara nuna maku.

4) Masu gajeren gashi mai kauri, kamar Tedi da Reks. Gashinsu cunkus yake kamar burushi.

5) Marar gashi. Asalinshi wani ɗakin bincike ne a Montreal ta Kanada, a 1978. Rana tana ƙona mashi fata, sanyin hunturu yana kama shi.

6) Na nama. Ma'aikatar binciken noma ta Peru ta fid da manyan iri masu suna Peru da Andina da Inti. Na farkon yana kai kilo 1 cikin wata 2 zuwa 3. Kada a gama shi da mai dogon gashin nan, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Launi kuwa, akwai fari, baƙi, ja, ruwan ƙasa, da mai launi 2 ko 3. Fari mai jan ido ba ciwo gare shi ba, halittarshi ce, sai dai hasken rana yana damunshi. Launi ba ya ƙara lafiya, ba ya rage ta.

To wane ya dace da Dumega? Amsarmu: na farko, mai gajeren gashi kwance. In ba a samu ba, na biyu. Ku tuna da ƙarangiya. Wanda ya taɓa cire ta daga jelar tunkiya ya san abin da za ta yi ma dabbar da gashinta ke jan ƙasa. Dogon gashi yana riƙe zafi, yana riƙe fitsari, ƙuda su yi ƙwai a ciki, tsutsa ta fito. Sai an tsefe shi kullum, an rage shi da almakashi. Yaro ɗan shekara 9 ba zai iya ba, uwarshi kuwa ga daka ga ɗibar ruwa. Marar gashi kada ma a taya. Kuma in da hali, a sayi wanda anka haifa a ƙasa mai zafi irin tamu, gun mai kiwo na kusa, don ya riga ya ɗan saba.

Wajen saye a duba: ido garau, hanci busasshe, gindi babu zawo, fata babu ƙesbi ko wurin da gashi ya zube. A miƙa mashi ganye. Mai lafiya ba ya ƙin ci. Wanda ya takure a lungu da gashi a tashe, ko kyauta ne a bar shi.

III. BABBAN MAƘIYINSHI: ZAFI

Nan ne gindin maganar. Birnin Kusko na Peru yana bisa tudun da ya kai mita 3400. Mu nan cikin Dallol Mawri wajen mita 200 muke bisa teku. Dabbar duwatsu masu sanyi ce. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, kuma da zafi ya wuce 30 ta shiga haɗari, don ba ta yin zufa. Kowa ya san bazararmu: watan Afrilu da na Mayu ma'auni yana wuce 40.

Yanzu ku duba lokacin da ƴan biɗa ke komowa gida. Gab da shuka ne, cikin tsakiyar bazara. Sai a sa dabbar a kwali, a ɗaure bisa mota tare da kaya, ta yini ta kwana cikin rana babu ruwa. Wadda ta iso da rai ta riga ta jigata. Sannan a aje ta a ɗakin kwano. Ƴan uwa, mutuwarta ba maita ba ce, ba kambun baka ba ne, zafi ne.

Wanda ke so ya kawo, ya kawo cikin ɗari, daga Nuwamba zuwa Janairu, ko ya aiko ta hannun mai zuwa a lokacin. Dabbar za ta samu wata 3 ko 4 ta saba kafin zafi ya sauka. A hanya kwalin ya zama da huji da yawa, ya zauna cikin mota kusa da mai shi, a sa ciyawa da ɓawon kankana ko kokwamba don ƙishirwa.

Alamar zafi ya kama shi: ya miƙe a ƙasa, numfashi sama-sama, miyau na zuba, ba ya motsi. A kai shi inuwa nan take, a shafa mashi ruwan randa ga kunne da ƙafa, a yi mashi fifita. Kada a tsoma shi cikin ruwa mai ƙanƙara. Amma rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin yana ga wurin kwana.

IV. WURIN KWANA

Mutanen Peru suna gina mashi ɗan gurbi da tubalin ƙasa, tsawo mita 1 da rabi, faɗi mita 1, bango santimita 45. Tun da ba ya hawa kuma ba ya tsalle mai nisa, wannan ya tsare shi. Ba mu ga abin da zai hana mu yin haka ba. Tubali ba a saye. Ga guda 2 ko 3, murabba'in mita 1 ya isa.

A gina shi cikin ɗakin ciyawa ko ƙarƙashin rumfa mai kauri, inda iska ke ratsawa, rana ba ta faɗawa. Kada a sa shi ƙarƙashin kwano. A girke tulu ko ƙaramar randa da ruwa a ciki: za ku ga sun kwanta sun jingina da ita, don sanyin da yumɓu ke fitarwa. Da bazara a jiƙa buhun algarara a rataya gefen da iska ke shigowa, a yayyafa ruwa ga yashin wani lungu. Da hunturu kuwa a kare su daga iska da ƙura da zana.

Ƙasan gurbin ya zama daɓe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gujiya, a canza sau 2 a sati. Kada su taka waya, tana kumbura masu tafin ƙafa. A sa fasasshiyar tukunya a kife don su samu maɓoya, don dabba ce mai tsoro. Sama kuwa dole a rufe da raga ko asabari mai ƙarfi. Mussa, kare, shaho, maciji, gafiya, duk suna sonshi, shi kuwa ba ya da abin kare kai. A zuba toka kewaye da gindin gurbin saboda tururuwa da kwarkwasa.

Kada a aje ɗaya tal. Dabbar garke ce, kaɗaici yana sa ta daina ci. A ƙasar Suwis tun 2008 doka ta hana a riƙe guda ɗaya shi kaɗai. Mata 2 suna zama lafiya. Maza 2 da sunka tashi tare suna iya zama, amma da mace ta shigo faɗa ya tashi. Kada a gama su da zomo: zomo yana harbi da ƙafa, kuma yana ɗauke da ƙwayar ciwon huhu da ba ta damunshi amma tana kashe ɓeran Masar.

V. ABINCI

Abu 2 za a riƙe.

Na farko: ciyawa kada ta yanke, dare da rana. Tun da haƙoranshi ba su daina tsira, tauna ciyawa ce ke rage su. In ana ba shi tuwo da dusa kawai, haƙoran za su yi tsawo har ya kasa ci, ya mutu da yunwa ga abinci gabanshi. Harkiya, kiri-kiri, burgu, ganyen masara, harawar wake da ta gujiya duk suna yi. Dusa ƴar kaɗan, kamar cokali 1 ko 2 a rana, musamman ga mai ciki da mai shayarwa.

Na biyu: ɗanyen ganye kullum. Akuya da tunkiya da kare jikinsu yana ƙera bitamin C da kanshi. Ɗan Adam ba ya iyawa, ɓeran Masar ma haka. Likitoci 2 na ƙasar Norwe, Holst da Frølich, sun gano haka a 1907: sun ba shi hatsi kawai, sai ya kamu da ciwon da ke kama matuƙan jirgin ruwa masu daɗewa ba su ci ɗanyen abu ba. Yana bukatar miligiram 10 zuwa 30 a rana. In ya rasa, cikin sati 2 zuwa 3 gaɓoɓi su kumbura, dasashi ya yi jini, ya riƙa jan ƙafa. Ku lura da lissafin: sati 2 zuwa 3 ɗin nan shi ne daidai lokacin da tsarabar ke mutuwa a gidan da ake ba ta hatsi da busasshiyar harawa kaɗai.

Nan Allah ya yi mana gata. Ruwa yana kusa cikin dallol, garake suna da kore ko da rani. Ganyen zogala, ganyen dankali, salati, karoti da ganyenshi, ɗan yankin tattasai, ɗan yankin gwaiba, duk suna da abin da yake so. Tattasai da gwaiba sun fi sauran bitamin C. Cikin tafin hannu 1 na ganye ga kowane ɗaya a rana ya isa. Ganyen shu a ba da kaɗan, yana kumbura ciki. Sabon abinci a fara da kaɗan-kaɗan.

Abin da ba a ba shi ko kaɗan: tumfafiya, zurma, zaƙami, ganyen dankalin turawa da na tumatir, ɗanyen ganyen rogo, albasa, tafarnuwa, nama, nono, da duk abin da ya yi fumfuna. Mu kula ƙwarai da ganyen garkar da anka fesa ma maganin ƙwari. Abin da zai sa babban mutum ciwon ciki kawai, dabba mai giram 800 kashe ta yake yi.

Ruwa mai tsabta kullum, cikin kasko mai nauyi da ba zai kife ba. Masu cewa ba ya shan ruwa sun ji labarin ƙasa mai sanyi ne. In kuma kun ga yana cin wani kashinshi mai laushi, kada a hana shi. Hanyar narkar da abincinshi ce, kamar tuƙa ga saniya.

VI. HAIHUWA

Cikinta kwana 59 zuwa 72 ne, galibi wata 2 da ƴan kwanaki. Tana haifar 1 zuwa 6, an fi samun 3, ko da yake nononta 2 ne. Ɗiyan suna fitowa da gashi da haƙora, ido buɗe, ran nan suke tafiya, kwana kaɗan su fara cin ciyawa. Ana yaye su a sati 3.

Ga inda ake kuskure. Ƴar mace tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata 1, alhali jikinta bai ƙosa ba. Saboda haka da an yaye a raba maza da mata. Lokacin da ya dace a gama ta da namiji shi ne wata 4 zuwa 5. In ta wuce wata 7 ba ta taɓa haihuwa ba, ƙashin ƙugunta yana ƙagewa, haihuwar fari ta zama mai haɗari. Irin wannan gara a bar ta babu namiji. Kuma awa kaɗan bayan ta haihu tana iya ɗaukar wani ciki, don haka a fid da namijin kafin ta haihu, ta huta. Kada uba ya riƙa hawan ɗiyarshi, ko wa da ƙanwa. Iri yana lalacewa. Gidaje su riƙa musayar maza.

Mu yi lissafin kilas CM1. Mace 1, ɗiya 3 kowace haihuwa, haihuwa 4 a shekara: 12 ke nan, ban da abin da ɗiyan za su haifa. Wanda ba ya da garka, ba ya da inda zai kai su, ya tsaya ga mata 2. Yawan da ya fi ƙarfin ciyarwa zalunci ne.

VII. LAFIYARSHI DA TAMU

Gargaɗi babba: kada a ba shi kafso na tallar magani. Penisilin da danginshi, amoksisilin da ampisilin, suna kashe ƙwayoyin da ke taimakon hanjinshi, zawo ya kashe shi cikin kwanaki. In ya yini bai ci ba, abin ya yi tsanani, a nemi ma'aikatan kiwo na nan kusa ko na Tibiri, a kuma gaya masu wace dabba ce kafin su ba da magani. Marar lafiya a ware shi. Sabon zuwa ya yi sati 2 shi kaɗai, inda yake jin kukan sauran, kafin a gama su.

Yana iya shafa ma yara makero, kashinshi kuma yana iya kawo zawo. Maganin wannan sabuni ne: a wanke hannu bayan taɓa shi da bayan shara, kada a sumbace shi, kada gurbin ya zama kusa da murhu ko wurin cin abinci. Wajen ɗauka, hannu 1 ƙarƙashin ƙirji, 1 ƙarƙashin gindi, yaro yana zaune a ƙasa. Ba a ɗaukarshi ta kunne ko ta ƙafa. Faɗuwa daga hannun yaro a tsaye tana karya mashi baya. Wanda bai kai shekara 7 ba ya taɓa shi gaban babba.

VIII. MI YARO ZAI SAMU?

Iyayenmu, ku ne kunka koya mana cewa kiwo ba a gadonshi da baki. Da, yaro yana farawa da kaza ko tantabara, ya kai ga akuya, sannan a ba shi sanda ya bi shanu. Fari na 1973 da na 1984 sun rage bisashe a gidaje da yawa, tafiya biɗa kuma ta sa ɗiya da dama suna tashi uba ba ya gida wata 6 ko 7 a shekara. Ɗan ƙaramin kiwo irin wannan yana iya cike wani gurbi. Yaro zai tashi da safe ya san akwai bakin da ke jiranshi. Zai koyi sanin ciyawa mai kyau da mai dafi, abin da ku ne malamanshi, mu ba mu kai ku ba. Zai koyi duban dabba ya gane ba ta da lafiya. Ɗiya mata ma suna iyawa, don kiwon cikin gida ne. Dabbar tana sanin muryar mai ba ta abinci, ta riƙa fito da ta ji tafiyarshi. Kashinta taki ne mai kyau ga garka.

A lakwal, tun gyaran tsarin karatu na shekarun 1980 an sa ayyukan hannu da na noma da kiwo cikin aikin ɗalibai. Gurbi 1 a inuwar lakwal zai ba mu darasin awo, na lissafi, na tsabta da na halittu, da abin da yara ke gani da idonsu. Amma sai an san gidan da zai karɓe su lokacin babban hutu.

Malamanmu suna yawan tuna mana labarin matar da ta shiga azaba saboda mussar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Duk dabbar da munka rufe, ci da shanta sun hau wuyanmu. Yaro ne mai ita da suna, amma alhakin yana kan babba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

IX. ABIN DA MUKE ROƘO

Ga ƴan uwa masu tafiya:
1) Kafin ku saya, ku tambayi uwar gida ko ta yarda, don aikin zai taɓa ta.
2) A gina gurbi kafin dabba ta iso.
3) Mai gajeren gashi, guda 2, cikin ɗari.
4) Gidan da ba ya samun ɗanyen ganye da rani, a kawo ma yaro kaza ko tantabara; sun fi jure ƙasarmu.

Ga iyayenmu dattawa: ku riƙa leƙa gurbin kamar yadda kuke leƙa turke. Tambayarku ɗaya, « ka ba su ruwa? », ta fi darasinmu 10.

Ga masu garka: ganyen da kuke zubarwa wajen gyaran salati da karoti, ku bar ma yaran unguwa, ku gaya masu ranar da kunka yi feshi.

Ga ƙungiya: muna ba da shawara a rubuta gidajen da ke da wagga dabba, don musayar maza da kuma don mai so ya samu a nan gida ba tare da wahalar hanya ba. Mu malaman lakwal mun ɗauki nauyin nuna ginin gurbi ga duk wanda ya zo, ranar da babu karatu.

Nan za mu tsaya.  Allah ya ja zamanin iyayenmu, ya kiyaye matafiyanmu, ya shirya mana ɗiyanmu, ya ba mu damana mai albarka.

Wassalamu alaikum.